Keken Zuwa Tungar Wakili

Duk wanda ya zauna a Yelwa a shekarun da suka biyo bayan samun mulkin kai ya san rumfar Ɗahiru mai gyaran keke, can bakin kasuwa, kusa da inda mata ke baza busasshen kifi. Gwani ne, wannan babu gardama. Amma mutum ne mai ɗan karen tsantseni, irin wanda za ka kai wa faci ɗaya ya tsare ka da maganar birkinka har rana ta take. In wayar ƙafar keke ɗaya ta saki, ba zai sallame ka ba sai ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya yana ƙyasta su da farce yana kasa kunne. Mutane su yi ta ƙorafi, washegari kuma su sake kawo masa.

Shi ba ɗan gari ba ne. An haife shi a Tungar Wakili, wani ƙaramin ƙauyen manoma a ƙasar Ngaski, tafiyar rabin wuni a keke in ka wuce Birnin Yauri. Ƙauyen yana cikin kwari ne, kuma tsakaninsa da babban kogi akwai tafiya mai kyau, har yara kan girma ba su taɓa shiga jirgin ruwa ba. Mota ba ta zuwa. Turba ce siririya, ta bi ta gonaki, ta hau tudu, ta gangara ta tsallake wani rafi da ke cika da damina ya ƙafe bayan kaka.

Mahaifiyarsa, Inna Larai, haihuwarta shida. Biyar ba su kai yaye ba. Ɗahiru ne na ƙarshe, shi kaɗai ya tsaya, shi ya sa har ya yi gemu ba ta kiransa da komai sai Auta. A wajensu jariri ba a kai shi maƙabarta, a cikin gida ake rufe shi, don haka duk biyar ɗin suna bayan ɗakinta a jere. Ta kewaye wurin da ƙaya saboda awaki. Kowace Juma'a takan share shi ta yayyafa ruwa, kuma babu wanda ya taɓa jin ta yi maganarsu.

Wata rana ta zame a bakin rijiya, ƙugunta ya goce. Maza huɗu suka ɗauko ta a kan gadon kara har Yelwa, maɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ƙashin ya kama amma a karkace. Tun daga nan take gidan Ɗahiru, matarsa Hajara na kula da ita. Tana iya dogara sanda ta kai bakin zaure, amma girgiza kaɗan ta isa ta kwantar da ita.

Tana nan kwance aka tashi ƙauyen. An daɗe ana jin labarin madatsar ruwan da ake ginawa a Kainji, ma'aikata sun zo sun shafa fenti a jikin itatuwa, dattawa sun yi ta dariya suna cewa kogin da ba a ko jin ƙamshinsa daga nan me zai kawo shi. Duk da haka ranar tashi ta zo, aka kwashe mutane zuwa sababbin gidajen siminti a kan tudu, nesa, bakin hanyar mota. 'Yan uwa suka kawo wa Inna kayanta Yelwa. Ta dube su a tsakar gida ta daɗe, sannan ta sa aka kira mata ɗanta daga kasuwa.

"Auta," ta ce, "sun kwaso min tukwane, sun kwaso turmi. Ɗiyana hwa? Wa yay yi musu sallama?"

Ɗahiru ya durƙusa. Bai taɓa jin ta ambace su ba sai yau.

"Ba cewa niy yi a tono su ba. In tahi dai in tsaya kansu, in hwaɗa musu ba da sanina anka tashi ba. Shi ke nan abin da nika so. Amma kak ka sa a ɗauke ni bisa gadon kara kamar gawa, sau guda ya ishe ni."

"Ina kai ki, Inna," ya ce. "Ni da kaina, bisa keke. Kuma ba ki jin ko girgiza guda."

Da ya tsaya a kan zan kai ki, da labarin ya zo da sauƙi. Wannan ƙarin da ya yi na girgiza shi ne ya zame masa aiki, domin Ɗahiru in ya faɗi magana a kan keke, to ya ɗauke ta kamar rantsuwa.

Ya zauna ya yi tunani, ya ga babu keken kanti da zai iya wannan tafiya da tsohuwa mai ciwon ƙugu a baya. Sai dai a haɗa shi, kowane ƙarfe a zaɓo shi da hannu. Ga shi kuma lokacin kayan keke sun yi wuya. Tun da rikici ya tashi masu shagunan kayan suka koma gida Kudu, yaƙin basasa kuma ya biyo baya, abin da a da za ka miƙa hannu ka ɗauka sai ka yi cigiyarsa gari-gari.

Gangar jikin ya fara nema. Ya ji labarin wani tsohon malamin dabbobi a Wara mai keke dogo mai nauyi da ya daina hawa, ya tafi har can ya kwana biyu yana lallashi kafin mutumin ya rabu da shi. Ya kwance shi kaf, ya zubar da duk abin da bai gamshe shi ba, wanda kusan komai ne in ban da firam ɗin. Kan keken ya samo shi a Shanga wajen wani mai tallan magani, irin mai lanƙwasa sama, yadda mai tuƙi zai zauna a miƙe ya ga rami tun daga nesa. Tayoyi ya zaɓi masu faɗi da kauri saboda yashi da ƙaya. Wayoyin ƙafar baya kuwa da kansa ya ɗaura su, masu kauri zalla, ya yi mako guda yana juya ƙafar yana kanne ido ɗaya har sai da ta daina ko ɗan layi. Haƙoran baya da sarƙa ke bi ya sa manya, don kada a hawan tudu ya riƙa tashi tsaye yana jijjiga ta.

Sannan aka zo kan mazaunin Inna. Tanko maƙeri ya ƙera masa kariyar bayan keke mai faɗi, da majingina a gefe, da ɗan matakin da za ta ɗora ƙafafunta duka biyu tunda a kaikaice za ta zauna. Sau uku yana mayar wa Tanko da aikin, har maƙerin ya ce in ya sake dawowa da shi zai jefa shi a wuta ya yi fartanya. Baduku ya ɗinka matashi da jan fata aka cika shi da audugar rimi. Dabarar Ɗahiru ta ƙarshe ita ce ya ɗora katakon mazaunin a kan sifirin biyu manya, irin na ƙarƙashin sirdi, yadda in ƙafa ta faɗa rami su za su shanye. Guda ɗaya ya samu mai kyau. Na biyun ya gaji, in an zauna sai ya kwanta.

Bazara ta kusa ƙarewa ranar da ya turo keken gida. Hadari ya fara haɗuwa da yamma yana watsewa. Hajara ta yi guɗa, maƙwabta suka leƙo. Aka kama Inna aka zaunar da ita, ya tura ta a hankali ya zaga tsakar gida, tana riƙe da majingina tana murmushin da aka daɗe ba a gani ba.

"Wanga ai ya yi," ta ce. "Mu tahi gobe."

Shi kuwa idonsa na ƙarƙashin katako. "Bai yi ba, Inna. Dubi yadda shika karkata hagu, kuma nan ciwonki yake."

"Ni ka zama, ba kai ba. Ni nic ce ya yi."

"Nan tsakar gida na. In munka shiga turba kina jin shi har haƙori. Zaidu na zuwa Kwantagora da albasa, na ba shi saƙo. Mako biyu."

"To cire katakon, ka ɗora ni bisa ƙarhen hakanan, ka shimhiɗa min zane."

Har dariya ya yi. Shi, Ɗahiru, ya ɗora uwarsa a kan ƙarfe tsirara ya ratsa kasuwar Yelwa da ita, kowa na gani? Hajara ta matso ta rage murya ta ce, "Malam, ka kai ta mana tunda ta yarda." Ya ce mata abin da ba ta sani ba ta bar shi. Ba da mugun nufi ya faɗa ba. Yana son uwarsa ƙwarai, kuma a ganinsa son ke nan yake yi.

Zaidu bai dawo a mako biyu ba. Da ya dawo kuma hannu wofi ya zo, ya ce sai zuwa na gaba. Kafin zuwa na gaba ruwan sama ya sauka, kafin ya kawo sifirin ɗin damina ta yi tsakiya. Mai kyau ne kuwa, abokin ɗayan sak. Ɗahiru ya ɗaura shi, ya zauna a kai, ya sa aka ɗora buhun gero ya zaga gari da shi, ya bi ta kan duwatsun bakin kogi da gangan. Ko motsi buhun bai yi ba. Ya dawo gida fuskarsa cike da fara'a.

Amma yanzu rafi ya cika, ba a tsallakawa. Wannan bai dame shi ba ko kaɗan. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san lissafin ruwa kamar yadda ya san kwanakin kasuwa. Farin ruwa ya zo da damina ya cika ko'ina, bayan kaka ya ja, rafuka su ƙafe a bi ta kan yashi. Can da sanyi baƙin ruwa ya zo daga yamma ya ɗaga kogi kaɗan, shi ma ya wuce. Haka kakansa ya gani, haka ubansa ya gani. An yi shela cewa an rufe madatsar, ya ji da kunnensa, amma ya ɗauka ko me Turawa suka gina, ruwa dai ruwa ne, zai hau ya sauka.

"Bari a yanke dawa, Inna," ya ce. "Rahi na janyewa mu wuce."

Ta daina tambaya, sai dai kowace Juma'a da safe takan dogara sanda ta zo ta tsaya a zaure inda aka jingine keken, ta shafa jan matashin nan, ta koma ɗaki.

Kaka ta zo, kogi bai ja ba. A Yelwa ruwan ya ci wuraren da ake shanya kifi, ya hau inda ake ɗaure jirage, ya tsaya nan. Masu hira a rumfar Ɗahiru suka ce baƙin ruwa ne ya yi sammako bana. Wata ranar kasuwa wani mutumin ƙauyensu, Usman, ya kawo faci, ya ce ya ji makiyaya na cewa ruwa ya shiga fadamar da ke ƙasan tsohuwar Tunga. Ɗahiru ya ce ai wannan fadamar kullum tana shan ruwa. Ya faɗa da ƙarfi, amma ranar sau biyu yana manna faci a inda ba huda. Tsoro ya shige shi, ya ƙi gaya wa kowa, ya ci gaba da jiran dawa kamar yadda ya ce, don in ya fasa jira ya yarda ke nan akwai abin tsoro.

Ranar da suka tashi, da sassafe ne bayan an gama yankan dawa. Inna ta sa baƙin zanenta na saƙi wanda take ajiya, ta riƙe ɗan gora cike da ruwa da guntuwar tsintsiya a cinya. Hajara ta rako su har ƙofa. Suka ratsa gari, mutane na tsayawa suna kallo, wani ya ɗaga murya ya ce Ɗahiru ya yi wa tsohuwa mota.

Gaskiya keken ya yi. A kan hanyar Birnin Yauri tafiya yake kamar ana zuba mai, babu ƙara sai ta taya a kan tsakuwa. Da suka saki babbar hanya suka shiga turba, nan ya nuna kansa. Yashi bai riƙe shi ba, saiwoyin itace da ramukan da shanu suka taka da damina duk ya bi ta kansu, mazaunin baya na lilo a hankali. Ɗahiru yana jin nauyinta a bayansa, ɗan kaɗan, bai kai buhun geron nan ba. Can sai ya ji ta fara magana. Ta nuna masa gonar da aka yi gayya shekarar da aka kawo ta amarya, da tsamiyar da suke hutawa in sun dawo daga kasuwa. Ta ce Asma'u, ta biyunsu, har ta fara tsayawa da kafaɗar turmi. Ta ce na huɗun ko suna ba a yi ba. Shekara arba'in tana riƙe da maganar nan, yau ta sake ta a bayan keke, shi kuwa yana tuƙi yana sharar ido da kafaɗa.

"Ina ciwo, Inna?"

"Babu. Tahi dai."

Tun kafin tudun ƙarshe ya fara ganin abin da bai gane ba. Fararen tsuntsayen ruwa a kan itatuwan da bai taɓa ganinsu ba. Iska mai sanyi da warin danshi. A gefen turba, inda ya san gonar gyaɗa ce, wani ya shanya taru. Haƙoran da ya zaɓa suka yi aikinsu, keken ya hau tudun ba tare da ya tashi tsaye ba.

Daga saman tudun turba ta gangara kamar taku talatin ta shige cikin ruwa. Babu rafi, babu kwari, babu tsallake. Ruwa ne shimfiɗe har inda ido ya tsaya, a kwance, ko igiya ba ya yi. Can nesa kawunan itatuwa sun leƙo nan da can, ganyensu ya fara bushewa.

Ya sa ƙafa a ƙasa. Sun daɗe a haka, shi a kan sirdi, ita a baya.

"Sauke ni," ta ce.

Ya sauke ta, ya ba ta sandarta. Ta gangara a hankali, yana biye da ita, har inda ƙasa ta fara laushi. Ta sa hannu ta kare ido tana dubawa dama da hagu.

"Auta, ta ina gidanmu yake?"

Ya duba. Ya nemi kukar bakin masallaci, ya ga kawunan kuka har uku, kuma babu wadda ta yi kama da ita tunda gindin ne ya sani. Ya nemi giginyun bakin rijiya, ya ga wasu a inda bai zata ba. Shi da aka haifa a nan, ya yi kiwon awaki a kowane lungu, ya kasa cewa ga wuri. Ya ɗaga hannu ya nuna wani waje.

"A'a," ta ce. "Kamar dai can." Ta nuna wani wajen daban. Jim kaɗan ta sauke hannun. "Ban sani ba. Wallahi ban sani ba."

Nan ne ta yi kuka, kukan tsofaffi marar sauti, baki a buɗe. Ta juya wajen da ya nuna ta kira sunaye huɗu, na biyar ta ce "da kai, marar suna." Ta juya wajen da ita ta nuna ta sake kiransu, ko da can ne. Ta ce musu ba da saninta aka tashi ba, ciwo ne ya kwantar da ita. Goran da tsintsiyar suna hannunta, ta dube su, ta rasa yadda za ta yi da su, ta ajiye a kan ciyawa.

Ɗahiru ya durƙusa a gabanta cikin laka. "Shina janyewa, Inna," ya ce. "Da bazara shina ja, mu dawo." Shi kansa bai yarda da abin da yake faɗa ba, domin ko ya ja, wannan zurfin ba na janyewa ba ne, kuma ginin ƙasa ba ya kwana a ruwa ya tashi.

Ta share fuskarta da bakin zane, ta dafa kansa kamar yadda take yi yana ƙarami. Muryarta babu faɗa a ciki, da ma da faɗan ne da ya fi masa sauƙi.

"Kekenka ya yi daɗi, Auta. Tun Yelwa ban ji komi ba, Allah shi yi maka albarka." Ta ɗauke hannunta daga kansa. "Amma da ka ɗora ni bisa ƙarhen nan da bazara, da ƙuguna ya yi ciwo kwana ukku ya bari."

Ta juya ta fara hawa tudun da sandarta, taku ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa yana nan durƙushe, ya kasa tashi ya bi ta.